ƘWARYAR SHEKARA TA BAKWAI

Shafi na 19

Masu cika min waya da saƙo tun shekaranjiya, ku yi haƙuri, Kaka ce ta ce ba za ta buɗe baki ba sai an gyara mata kujerarta. Mai tambaya ko Haggai ne ya zama kakana, na ga tambayarki, na kuma wuce. Ga Kaka Rachel nan da bakinta.

*

Ranar Alhamis ce, kwana na huɗu da fitowarmu makon bishara, cikin daminar 1956. Mu goma sha huɗu ne daga majami'armu ta Zuru, samari tara, 'yan mata biyar, sai Malam Ezekiel a gaba da sandarsa da tsohon takalminsa na soja. Mun sauka a wani ƙauye kan dutse, hanyar Ribah, tafiyar awa uku daga gida in mutum bai tsaya gaishe-gaishe ba.

Ina kewar safiyar nan har gobe. An yi ruwa da asuba ya ɗauke, duwatsu suna ta sheƙi, dawa ta kai ƙugu duk inda ka duba. Muka shimfiɗa tabarmi a gindin ɗorawa, aka ɗora garmaho, akwatin nan mai magana, a kan turmi, mutanen ƙauye suka kewaye mu. Wata tsohuwa sau uku tana zagaya akwatin, tana neman ƙofar da mai maganar ya bi ya shiga.

Haggai ne mai juya hannun garmahon. In muryar ta yi magana da Hausa, sai ya tsayar, ya juya wa mutane da yarenmu na C'lela. Ni an sa ni cikin masu waƙa, amma gaskiya ba wa'azin nake ji ba, wuyansa nake kallo.

"Rachel, da baki ake waƙa, ba da ido ba," in ji ƙawata Magdalene, tana zungurina.

"Sa ido a littafinki."

"Littafin yana hannunki, kuma a juye kika riƙe shi."

Ku 'yan yanzu ba ku san golmo ba sai a baki. A wurinmu saurayi ba ya samun mata da daɗin magana. Shekara bakwai zai yi yana noma gonar uban yarinya, shi da abokan golmonsa, yau a gonar surukin wannan, gobe a ta surukin wancan. Haggai ya yi wa babana, Baba Yari, shekara shida cur, ta bakwai ma saura huɗa kawai, aikin yini ɗaya. Ba wanda ya zaɓa min shi. A filin kokawa na fara ganinsa, an kayar da shi sau biyu yana tashi yana dariya, na ce wannan nake so. Shekarata ashirin da uku a lokacin, na gaji da jira, ban kuma ɓoye wa kowa ba.

Muna cikin waƙa ta biyu sai na hango mutum yana hawo dutse da gudu. Ba riga, laka har gwiwa, garma a kafaɗa. Mika ne, babban abokin golmon Haggai, wanda ƙafarsa ɗaya ke majami'a, ɗaya kuma a gindin tukunyar burkutu.

Bai gaishe da kowa ba. Ya ratsa mutane ya tsaya a gaban turmin.

"Haggai, saki akwatin nan."

"Mika, muna cikin aiki."

"Mu ma muna cikin aiki. Naka aikin."

Malam Ezekiel ya sa wani saurayi ya karɓi garmahon, ya ja su biyun bayan wani rumbu. Ba wanda ya kira ni. Na miƙa wa Magdalene littafi na bi su.

"Faɗi abin da ya kawo ka," in ji Malam.

Mika yana haki, ya nuna Haggai da ƙotar garma.

"Malam, tambaye shi yau wace rana."

Haggai ya sunkuyar da kai.

"To ni zan faɗa. Ran Lahadi da yamma Baba Yari ya aiko, huɗa ran Alhamis. A gabana aka faɗa masa. Ya ce ya ji. Ran Litinin sai muka ji wai ya bi ku."



"Tun gari bai gama wayewa ba muna gona, mu goma sha ɗaya," in ji Mika. "Muna zaune kan garmunanmu kamar masu zaman makoki. Ba a fara golmon mutum ba ya nan, kai ma ka sani."

"Baba fa?" na tambaya.

Sai a lokacin suka lura da ni.

"Yana kan dutsen nan nasa na bakin gona. Da na je na durƙusa, magana ɗaya ya yi. Ya ce in rana ta faɗi ba a gama huɗar nan ba, da Haggai a kunyar farko, to shekara shidan da ya yi an gode, ya yi sadaka."

Na juya na fuskanci Haggai.

"Ka sani?"

"Na sani."

"Tun ran Lahadi?"

"Rachel..."

"Amsa za ka ba ni. Tun ran Lahadi?"

"Tun ran Lahadi."

"Kwana huɗu kana cin tuwon da na tuƙa, kana ce min an gode, ka san yau za a raba mu?"

"Ba haka nake nufi ba."

"In ka gaji da ni, ai da ka faɗa tun shekara ta biyu, ka huta da kwasar duwatsun babana."

Ya ɗago. Idanunsa sun yi ja.

"Ban gaji da ke ba. Ƙwaryar nake gudu."

Na san ƙwaryar da yake nufi. A gidanmu, ranar da aka rufe golmo, Baba da hannunsa yake miƙa wa saurayi ƙwaryar burkutu a gaban dangi. In ya sha, ya zama ɗan gida, sai a sa ranar biki. Haka aka yi wa mazan yayyena biyu, ina tsaye ina kallo. Babana bai taɓa taka majami'a ba. Ya bar ni ina zuwa ne kawai don, a cewarsa, waƙa ba ta taɓa kashe kowa ba.

Haggai kuwa, wata uku da suka wuce ya miƙe a gaban dattawan majami'a ya yi alkawari giya ba za ta sake shiga bakinsa ba. Da kaka za a yi masa baftisma a rafi.

"In na je na ƙi karɓa, na ci mutuncinsa a gaban mutane," in ji shi. "In na karɓa, na yi wa Allah ƙarya. Sai na ce in ban je ba, ƙila ya ɗaga ranar, in samu in yi tunani."

Mika ya yi wata dariya mara daɗi.

"Baba Yari? Ya ɗaga rana? Mutumin da ya yi shuka ranar da ƙafarsa ta karye?"

"Me ya hana ka gaya min?" na ce.

"Da kin ce in sha."

"Ƙwarai da na ce ka sha. Kurɓi ɗaya ne."

"Shi ya sa ban gaya miki ba."

Na ji haushinsa, na ji tausayinsa, amma haushin ya fi yawa. Da ba don Malam yana wurin ba, da na fizge garmar Mika na gwada masa yadda ake huɗa a bayansa.

Duk wannan abin Malam Ezekiel yana gefe. Ya jingina da rumbu yana kallon takalminsa. Mutum ne da ya haura arba'in, bai taɓa aure ba, kuma duk mun ɗauka aikin Ubangiji ne ya hana shi. Haka ake faɗa a majami'a, har ana ba samari misali da shi.

"Haggai," ya ce a hankali, "ka san na yi golmo?"

Muka dube shi duka.

"Kai, Malam?"

"Shekara biyar. A wani gida can gindin dutsen Zuru, ba zan faɗi sunan gidan ba. Saura biyu aka zo ɗibar soja. Aka kai mu yaƙin Bama, can ƙetaren teku. Na ce mata ta jira ni, ta ce to."

"Ba ta jira ba?" in ji Mika.

"Ta jira shekara biyu. Ni kuma na yi huɗu. Gona ba ta zama ba noma, uban ya karɓi wani, ya ba shi ita tun kafin ya cika bakwai. Ranar da na dawo na gamu da ita a hanyar rafi, goyo a baya, wani a ciki. Na gaishe ta, ta gaishe ni."

Daga can gindin ɗorawa muna jin garmaho yana ta magana shi kaɗai, ba mai juya wa mutane da yarenmu.

"Har yau in na bi ta gonar nan ina gane duwatsun da na jera da hannuna. Kuna cewa Malam ya ba Allah ransa. Na ba shi, gaskiya ne. Amma abin da ya rage ne na ba shi."

Ban taɓa jin babban mutum ya yi magana irin wannan a gaban yara ba. Kunyarsa ta kama ni, na rasa inda zan sa idona.

"Ni yaƙi ne ya ɗauke ni, ba a tambaye ni ba," in ji Malam. "Kai kuma ka zo ka ɓuya a bayan garmahona. Ban yarda ba."

"Malam, aikin bishara fa? Saura ƙauye biyu."

"Duk namijin da ke zaune a gindin ɗorawar can ya yi golmo. In suka ji mai juya musu Maganar Allah ya gudu daga gonar surukinsa, wa zai sake zama ya saurare mu? A ƙauye biyun ma labarin zai riga mu isa."

Ya juya wurin Mika.

"Gonar za ta gamu kafin faɗuwar rana?"

"Mu goma sha biyu, mu fara da rana tsaka? Ko aljanu ne mu."

"In an ƙara muku hannu tara?"

Mika ya yi ɗan tunani, yana sosa ƙeya.

"Baba Yari bai ce kada a kawo hannu ba. Cewa ya yi a gama, kuma Haggai a gaba."

"To wa'azin yau a gona za a yi shi."

"Malam," in ji Haggai, "in ya miƙo min ƙwaryar fa?"

"Noma zan taya ka. Ƙwarya kuwa tsakaninka ne da Allah da surukinka. Ba ni da hannu a ciki."

Malam ya koma ya tsaya a gaban mutanen ƙauye, bai ɓoye komai ba. Ya ce ga ɗanmu, yau ranar rufe golmonsa, ya yi wauta, muna roƙon aron garma. Wurin ya kaure da dariya. Wani tsoho ya taso da sanda ya ɗan ƙwanƙwasa wa Haggai a kai, ya ce shi a shekararsa ta bakwai ko zazzaɓi bai isa ya kwantar da shi ba. Amma kafin ka ce me, garma tara suna jingine a jikin ɗorawa. Kwana ɗaya da rabi muna musu wa'azi suna kallonmu kamar baƙi, sai a wannan safiyar suka fara kiranmu 'ya'yansu.

Garmahon muka bari a hannun mai gari, alamar za mu dawo. Tsohuwar nan ta ce ita za ta yi gadinsa, ta ga lokacin da mutumin ciki zai fito shan ruwa.

Muka gangaro.

Wayyo ƙuruciya. Yau daga ɗakina zuwa bakin ƙofa sai na huta sau biyu, amma ranar nan a guje na sauko dutse, zane a ɗaure a ƙugu, tulun ruwa a kai. Samari a gaba da garmuna a kafaɗa, Malam yana ba mu kirari irin na soja, hagu, dama, muna dariya muna haki. Rafi ya cika har ƙirji, muka riƙe hannun juna muka ƙetare. Cikin mu goma sha huɗun nan, yau ni kaɗai na rage.

Haggai ne kawai ba ya dariya. Na matsa kusa da shi, na ji yana ta motsa baki.

"Addu'a kake yi?"

"Ina shirya abin da zan faɗa masa."

"Ka karɓa ka taɓa leɓe kawai. Ba sai ka haɗiye ba."

"Allah yana ganin leɓe."

"To ka karɓa ka miƙa wa Mika, ai shi ba ya ƙi."

"Ba a miƙa wannan ƙwaryar, ke ma kin sani."

"Haggai, shekara bakwai."

"Na san lissafin, Rachel. A bayana aka yi su."

"To zaɓi. Ni ko alkawarinka."

Ya tsaya cik a tsakiyar hanya.

"Kada ki ce haka. In na karya wancan alkawarin yau, da me za ki yarda da wanda zan yi miki?"

Na wuce shi da sauri don kada ya ga hawaye.

Rana ta take tsaka muka iso. Gonar Baba shimfiɗe take daga gindin dutse har bakin rafi, dawa kore shar, ba kunya ko ɗaya da aka tayar. Abokan golmo suna kwance a inuwa. Da suka hango mu suka miƙe, wasu suna zagin Haggai, wasu suna dariyar fararen rigunan 'yan majami'a.

Baba yana kan dutsensa, fatar akuya a kafaɗa. Haggai ya tsaya nesa ya durƙusa, kai a ƙasa. Baba ya dubi rana, ya dubi gona, sannan ya nuna kunyar farko da haɓa.

Sai kallonsa ya koma kan Malam Ezekiel.

"Waɗannan fa?"

"Mun zo taya ɗanmu ne, Baba."

"Sun iya riƙe garma, ko littafi ya cinye musu hannu?"

"Za ka gani."

Malam ya zauna ya kwance takalmin sojan nan da ba mu taɓa ganinsa ba shi ba, ya ajiye a gefe, ya tuɓe riga, ya tofa yawu a tafin hannu.

Ban taɓa ganin huɗa irin ta ranar nan ba, ban kuma sake gani ba. Maza ashirin da ɗaya a jere, Haggai a gaba, garma tana tashi tare tana sauka tare. 'Yan golmo suka ɗauki waƙarsu ta noma, wadda ba a yi a gaban malamai. 'Yan majami'a suka ɗauki tamu don su danne ta. Aka yi ta gasa, wannan ya ɗaga murya wancan ya ɗaga, har daga baya garma ta daidaita su, waƙa biyu suka hau kiɗa ɗaya. Na ga Mika yana rera ta majami'a, na kuma ga bakin Malam yana bin ta golmo, ko da yake ya musa har ya rasu.

Mu mata muna ta jigilar ruwa daga rafi. Magdalene ta faɗi sau biyu, ta ce in dai auren wani ne ke sa mutum haka, ita nata a zaune za ta yi shi.

Mutane suka fara taruwa. Masu wucewa suka ajiye kaya, mata suka fito daga gidaje. Ba a taɓa ganin 'yan mishan a gonar golmo ba. Jama'ar da muka tara a bakin gonar nan ta fi ta ƙauyuka huɗun da muka zaga.

Wajen la'asar tafin hannun Haggai ya fashe. Na ga jini a ƙotar garma. Na kai masa ruwa, ya sha bai dube ni ba.

"Saura kunya nawa?" ya tambaya.

"Kamar talatin."

"Rana fa?"

"Kada ka dube ta. Yi aikinka."

Rana tana taɓa kan dutse, Haggai ya ja ƙasar ƙarshe ya saki garma. Aka yi guɗa. Mika ya ɗaga shi sama, shi da kansa ba ya iya tsayawa sosai. Na ji daɗi har cikin ƙashina, na manta da abin da ke gaba na ɗan lokaci.

Sai Baba ya miƙe daga kan dutse.

An riga an jera tukwanen burkutu a gindin kaɗanya don ma'aikata, warinsa ya cika ko'ina. Dangi suka tsaya a gefe ɗaya, 'yan golmo a gefe, 'yan majami'a suka taru bayan Malam. Ni na shiga cikin mata, daidai bayan kafaɗar Baba. Inna ta fito da ƙwarya, an kife wata a kanta, ta durƙusa ta miƙa masa.

Haggai ya zo ya durƙusa, taku uku daga gaban Baba, kai a sunkuye, kamar yadda ya dace da suruki. Shekara bakwai bai taɓa haɗa ido da babana ba, ko hannunsa bai taɓa kallo ba.

Baba ya ɗage murfin.

Daga inda nake tsaye ina ganin cikin ƙwaryar. Na ƙifta ido na sake dubawa.

Kunu ne. Farin kunu, irin damun Inna, ba burkutu ba.

Babana, wanda ko zaren al'ada bai taɓa tsinkewa ba.

Na buɗe baki, amma 'ya ba ta magana a wannan wurin. Na yi tari. Na sake yin tari. Na buga ƙafa a ƙasa. A zuciyata ina ta cewa ɗago kanka, Haggai, sau ɗaya kawai ɗago.

Bai ɗago ba. Baba ya fara miƙa hannu, bai ma gama miƙawa ba Haggai ya saki maganar da ya yi awa uku yana shiryawa, da muryar nan tasa ta wa'azi wadda ake ji har bayan gari.

"Baba, ka gafarce ni. Na yi wa Allah alkawari. Abin da ke cikin ƙwaryar nan ba zai shiga bakina ba, yau ko gobe."

Daga bayan Malam wasu samarinmu biyu suka ce, "Amin."

Har yau ban yafe wa wannan amin ɗin ba.

Hannun Baba yana nan a miƙe. Ya daɗe a haka. Baffannina suka fara kallon juna, ɗaya ya yi tsaki a fili.

Sannan Baba ya karkata ƙwaryar a hankali.

Kunun ya zubo fari fat a kan sabuwar ƙasa, ya gangara har ya taɓa gwiwar Haggai.

Na ga lokacin da ya gani. Kafaɗunsa suka faɗi. Ya sa yatsa ya taɓa, ya ɗago kai a karo na farko cikin shekara bakwai ya dubi fuskar babana.

Baba bai ɗaga murya ba. Da yarenmu ya yi magana, kowa kuma ya ji.

"Kwana biyu ina faɗa da 'yan'uwana a kan ƙwaryar nan. Ubana bai yi haka ba, kakana bai yi ba. Suka ce na zubar da girman gida. Na ce yaron nan shekara bakwai bai taɓa yi min ƙarya ba, ba zan sa shi ya yi wa Allahnsa ƙarya ba."

Ya girgiza ƙwaryar, sauran kunun ya ɗiga.

"Tun asuba uwarta ta dama. Na zauna a kan dutse ina jiranka, ba ka zo ba, na ce ba komai. Ka zo, na miƙa maka a gaban waɗanda suka yi min dariya."

Ya kife ƙwaryar a ƙasa.

"Ko dubawa ba ka yi ba."

Malam Ezekiel ya taka gaba, ƙafa ba takalmi.

"Baba, in ka ba ni dama..."

"Kai na gode da noma. Ɗauki yaranka."

Ya juyo ya dube ni.

"Ke, wuce gida."

Inna ta kama hannuna tana ja.

Haggai ya rarrafo da gwiwa cikin kunun, hannunsa mai jini a miƙe.

"Baba..."

Babana ya tsaya, amma bai juyo ba.

"Wa kake kira?"